Kifin da Ya Aisa Ta Ba Baƙi

Shekarata goma sha tara ina aiki a wani ɗakin gwajin abinci a nan Maiduguri, kuma cikin duk kurakuran da na tafka, babu wanda ya tsaya mini a rai kamar rubuta sunan Ya Aisa da na yi a kan leda ban yi tambaya ko ɗaya ba.

Ya Aisa mai banda ce. A Doron Baga aka haife ta, ta koyi busar da kifi a kan hayaƙi a wajen kakarta tun ba ta iya ɗaura zane da kyau ba. Shekarar da aka watse daga Baga ta shigo garin nan da 'ya'ya huɗu da wuƙar gyaran kifi, mijinta kuwa har yau shiru. Wanda ya fito da su shi ne Ba Madu, dillalin kifi, da ya zubar da kwalayen kayansa a gefen hanya ya ɗora su a bayan mota. Shi ne kuma ya raba rumfarsa ta kasuwar kifi gida biyu da zana ya ba ta rabi. Ta kama ɗaki a Abbaganaram, kullum da sanyin safiya tana kasuwa.

Babban abokin gabar mai banda ƙwaro ne. In ya shiga kwali, sati biyu ya isa ya bar maka fata da ƙaya. Shi ya sa wasu ke dama fiya-fiya a ruwa su yayyafa wa kifi, ƙwaro ya mutu, masu saye su kai guba gida. Ya Aisa ba ta taɓa yi ba. Gishiri take sawa da garin barkono, kuma kowane kwana huɗu sai ta mai da kifin kan hayaƙi, har idanunta suka zama jajaye na dindindin. Kifinta baƙi ne, mai saurin karyewa, ba shi da kyan gani ko kaɗan. Amma duk wanda ke da mai jego ko mara lafiya a gida, rumfarta yake nufa. Sunan nan shi ne duk abin da ta mallaka.

Shugabata, Dokta Ketura, tana binciken yadda banda zai daɗe ba tare da magani ba. Ta samo murhun ƙarfe guda goma, irin mai rufi da ke busar da kifi sosai ba ya ƙona shi, za a ba mata goma. Sharaɗin ɗaya ne: a gwada kifin mace a tarar babu guba. Za a karanta sunayen a taron matan kasuwa ranar Asabar, kuma kowa ya san wadda ba a kira ba, an san dalili.

Dokar aikinmu ita ce mu zaɓi kifin gwaji da hannunmu. Amma da muka isa rumfar Ya Aisa sai ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta ce ba a gidansu aka koya mata barin baƙo ya cusa hannu a kwali ba. Ta zagaya bayan zana ta dawo da tarwaɗa biyar, a naɗe, cikakku, suna sheƙi. Dokta tana can tana amsa waya. Ni kuwa, Abdulsalami sarkin kwaɗayi, maimakon in tambayi inda suka fito, yabonsu na hau yi. Na sa a leda, na rubuta Aisa, na ɗaure.

Ranar Talata na'ura ta ba da sakamako. Na niƙa wani kifin na sake gwadawa, abin bai canza ba. Fiya-fiya ce, kuma ba kaɗan ba. Raina ya ɓaci sosai, don matata ma a wajenta take saye. Na ce ashe tsohuwar nan ta daɗe tana raina mana hankali.

Laraba da safe na je da takardar, da niyyar in wanke ta tas. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Sai ta jawo kwalinta ta karya kifi ta ci a gabana. Na ce wannan ba hujja ba ce. Ina faɗa ina korar ƙudan da ke yawo a kan kwalin, sai hannuna ya tsaya. Ranar da ta kawo mana tarwaɗan nan biyar, sun daɗe a faranti, ƙuda ko ɗaya bai sauka a kansu ba. Na dubi nata, baƙi ƙirin, duk ya karkarye. Na tambaye ta daga ina na ranar suka fito.

“Malam, kun zo da mota, da Dokta guda,” in ji ta. “In ba ku wannan mai kama da gawayi?”

Ashe al'adarsu ce ita da maƙwabcinta tun shekara tara: wanda ya yi baƙo sai ya ɗebi mafi kyau a kwalin ɗan'uwansa, ba tambaya, ba godiya. Ba ta san an fara yayyafa musu komai ba. Na ce to ta faɗi sunansa a wuce wurin. Ta ƙi, alhali mutum ɗaya ne a bayan zanar nan, kuma har tarinsa ina ji.

Na kira Dokta a waya, ta ce za a iya sake gwada kifin Ya Aisa, amma ba za ta rufe ido a kan na farkon ba, don mutane na can na saye suna ba yaransu. Ko a faɗi mai shi a janye kayan, ko takarda ta tsaya yadda take. Ta ba da wa'adi zuwa la'asar ɗin Juma'a. Na ce ni zan faɗa, tunda laifin nawa ne. Ya Aisa ta ce in na kuskura, za ta rantse a gaban kowa cewa kifin nata ne. Na san za ta aikata.

Ina tsaye ta zagaya wurinsa. Da Kanuri suka yi, ina tsintar abin da zan iya. Ba Madu ya ce daminar bara ƙwaro ya cinye masa kwali arba'in, ya ce rabin kasuwa haka suke yi, ya ce wa ya aike ta ɗiban kayansa ta ba 'yan boko. Har hanyar Baga sai da ya ambata. Ta juya zuwa Hausa, ina jin don in zama shaida.

“Ba Madu, ka ɗauke ni da 'ya'yana, ban manta ba. Sunana yana kan takarda a madadin naka. Zan bar shi har Juma'a.”

Bai tambaye ta abin da zai faru bayan Juma'a ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Alhamis bai buɗe rumfa ba. Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka je, Dokta riƙe da jerin sunaye, tara a rubuce, layi na goma babu komai. Ya Aisa tana zaune tana jan carbi, murhunta a kashe, abin da ba a saba gani ba. Matan layin kowace ta sami aikin da zai kawo ta kusa da mu. Ni kuwa ina ta leƙen ɓangaren Ba Madu da ke rufe da buhu. Aka kira la'asar. Dokta ta cire murfin biro ta tambayi Ya Aisa sunan mai kifin a hankali, karo na ƙarshe.

Ya Aisa ta ajiye carbin. “Dokta, kifin nan...”

Sai ga Ba Madu da babbar rigarsa ta Juma'a. Bai yi sallama ba. Ya ciro kwalbar fiya-fiya daga aljihu, saura rabi, ya dire ta a kan tabarma.

“Kifin nan nawa ne,” ya ce wa Dokta. “Ki cire sunanta.”

Bai dubi inda Ya Aisa take ba.

Shugabannin kasuwa suka kwashe sauran kwalayensa aka ƙona a bayan gari, yana tsaye yana kallo. Na sake ɗibar kifin Ya Aisa, wannan karon da hannuna har gindin kwali, ya fito tsaf. Da yake sai da aka jira sakamakon, an ɗaga taron zuwa sati na gaba, aka kira sunanta mata suka yi guɗa. Ita ba ta ko yi murmushi ba.

Murhun yana nan yana aiki, jan idonta ma ya ragu. Ba Madu ya daina yayyafawa, na gwada kayansa sau biyu na tabbatar. Amma kafin wata ya cika ya kira magina suka cire zanar, suka tada bulo har rufi.

Na taɓa tambayarta abin da ta yi niyyar faɗa a ranar. Ta zaɓo kifi mafi baƙi a kwalin, wanda wutsiyarsa ta karye, ta ce in ci, yanzu irinsa take ba baƙi. Kullum da safe, kafin ta hura wuta, takan matsa jikin bulon ta gaishe shi da Kanuri, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Shekara biyu ke nan, tarinsa kawai take ji.