Sau Uku Aka Wanke Ƙarfen Yaya Iliya

Haƙƙin majinyaci ne a kan likitansa ya bayyana masa duk hanyoyin da ake da su kafin a sa masa wuƙa. Yau shekara shida da rasuwar yayana Iliya, mai walda a Sabon Gari, kuma wannan haƙƙi ba a sauke masa ba.

An sa masa ƙarfe a ƙugu bayan ƙashin ya lalace. Wata biyar da aikin, wurin ya kumbura, ya fashe, ruwa mai wari ya riƙa jiƙa zanen gado. Aka tsaga, aka wanke, aka ɗinke. Ya sake fashewa. Aka sake tsagawa a kan ɗinkin da bai kama ba.

Kafin karo na uku, ina tsaye, ya ce wa babban likitan: "Likita, shekara talatin ina aikin ƙarfe. In tsatsa ta ci shi daga ciki ba a wanke shi, cirewa ake yi."

"Baba, tsaya a kan waldarka," in ji likitan. Ɗalibansa suka yi dariya.

Yaya ya cakumi wuyan rigarsa, ya kai masa duka da sandar dogarawa, ta kuskure shi ta tarwatsa gilashin taga. Mutum huɗu suka danne shi, suka ɗaure hannuwansa da bandeji a jikin gado har bandejin ya yi jini. Aka ce hankalinsa ya gushe, aka miƙo mini takardar amincewa da wanki na uku. Ni na sa hannu. Bai yi mako biyu da wankin ba cutar ta shiga jininsa.

Aikina ajiye fayil ne, na kuma riƙe kwafin nasa na asibiti. Sau huɗu aka rubuta "mai tayar da hankali". Abin da ya faɗa kuwa, ko layi ɗaya babu.

Bara maƙwabciyata a Samaru, Mama Talatu, ta gamu da irin wannan ciwo. Aka zaunar da ita, aka ce: wanki yana amfani ne in an kama cutar da wuri, in ta daɗe, sai a cire ƙarfen a sa sabo nan take, ko a cike gurbinsa da simintin ƙashi mai magani, a jira, sannan a sa sabon. Ta zaɓi jira. Yanzu da ƙafarta take zuwa kasuwa. Da a ce Yaya ya rayu ya gan ta, na san zai yi mata barka, sannan ya juyo ya dube ni.

Ban ce da an cire zai rayu ba. Wannan sanin Allah ne. Na ce ya faɗi gaskiya aka ɗaure shi. Saboda haka ina roƙon hukumar da ke sa ido a kan aikin likitoci ta buɗe fayil ɗin Iliya, ta binciki wanda ya yanke shawarar wanki na uku, ta kuma kira ni a matsayin shaida, har a kan sa hannun da na yi.