Azumin da Muka Ce Baba Ya Sayar da Wutarmu

Ko da zan manta komai, ba zan manta azumin da muka ci mutuncin Baba mai gyaran wuta ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma ni kaina ina cikin waɗanda nake jin haushinsu.

A unguwarmu ta Kilomita Biyar, da zarar azumi ya kama kowa sai ya koma mai sayar da ƙanƙara. Tela, mai shago, har mai canji, kowa ya jawo tsohuwar firiza ya jona. Ni uku na jona a shagona, bayan Titin Koudoukou. Kullum da azahar wuta ta ɗauke, kafin shan ruwa ƙanƙara ta zama ruwa. Ga unguwar Miskine can kuwa, injin niƙa na ta kuka abinsa.

Sai wani mai dogon baki ya tuno cewa surukan Baba a Miskine suke. Shi ke nan fa! Wai ya sayar musu da layinmu. A unguwar da ta ga tashin hankali irin tamu, wannan magana tana iya raba mutum da gidansa. Bayan la'asar muka cika ƙofarsa, ni ne a gaba, ina ta ɗaga murya: "Baba, ka ji tsoron Allah!" Tsohon ya dube ni ya ce, "Ɗana, gobe ka nemo moto, in kai ka inda wutarka take."

Washegari na nemo moton, wato babur, ya kai ni tashar rarraba wuta. Daga bayan shinge muka tsaya, manyan taransifoma na ta gurnani. Wani ma'aikaci ya leƙo, suka gaisa da yaren Sango, Baba ya roƙe shi ya yi mini bayani. Ya ce wuta daga madatsar ruwa take tahowa, da ƙarfin da babu gidan da zai ɗauka. A nan ake rage ta, a raba wa kowane yanki layinsa, kuma namu daban, na Miskine daban. In kaya ya yi wa layi yawa, da kansa yake yankewa, don kada taransifoma ta ƙone gari duka ya rasa. Sannan ya tambaye ni, "Naku kullum da azahar yake faɗuwa. Me kuke jonawa haka?" Na sunkuyar da kai. Baban da muka ce ya karkatar da layi, ko ƙofar wurin ba a buɗe masa ba.

Na dawo na faɗa a ƙofar masallaci. Kun san abin da suka ce? Wai an haɗa baki da ni! Haba jama'a! Ba wanda ya cire firiza ko ɗaya, ba wanda ya je ya ba Baba haƙuri. Aka daina kiransa aiki, aka daina amsa sallamarsa. Bayan Sallah ya kwashe iyalinsa ya koma Miskine, masu zargin suka ce ai ga shaida nan.

Da azumi ya zagayo, Baba ba ya unguwar, wuta kuma ta ɗauke da azahar kamar kullum. Tun daga nan, in abu ya lalace, sai na fara duba abin da na jona da hannuna kafin in buɗe baki a kan wani.