Faya-fayan Salmanu

Duk wanda ya san Salmanu a Ras Al Khor, can ƙasar Larabawa, da lodin kaya ya san shi. Shi ke tsayawa a bakin kwantena a siton Alhaji Mubashir, yana nuna wa leburori inda za su tura kowane kwali. In azahar ta yi, shi ke shimfiɗa tabarmi. Ba mai yawan magana ba ne. Sai dai wanda ya lura zai ga yatsunsa biyu na dama ba sa hutawa, kullum suna ɗan shafa gefen kwali, gaba da baya, kamar mai lallashin jariri.

A Fagge yatsun suka koyi wannan, shekara arba'in da suka wuce, a shagon Ɗalhatu mai gyaran rediyo. A lokacin garmaho ɗaya ake kai wa gidan biki. Faifai na ƙarewa sai wuri ya yi tsit, kafin a ɗora wani mata sun zauna, wata ta tafi duba tukunya. Ɗalhatu ya ji an ce a ƙasashen waje biyu ake haɗawa. Ya jona garmaho biyu da maɓallin tsohuwar rediyo, amma hannunsa ya yi nauyi, sai na Salmanu ya dace. Salmanu ne ya yanko tsohon bargo ya sa a ƙarƙashin faifai don ya riƙe shi da yatsa injin na ci gaba da juyawa. Ya sa alli a daidai inda ganga ke shigowa. Ya ɗaura kwabo a kan allura don kada ta yi tsalle. Waƙa na shirin mutuwa sai ya saki ɗayar ta shige cikinta, mai rawa ba ta ma san an canja ba. Abin alfaharinsa ke nan: bai taɓa barin shiru ya faɗo a filin biki ba.

Kaset ya zo, waya ta biyo baya, aka daina nemansa. Alhaji Mubashir, yayan matarsa Wasila, ya ce zai yi masa biza, da sharaɗi ɗaya.

“Ni ba na son a ce surukina makaɗi ne. Ka bar wannan a Kano.”

Salmanu ya ce to. Amma bai iya ba. Ya cusa garmahon biyu da faya-fayai sittin a akwatin ƙarfe, ya rubuta kayan gyara a jiki. A masaukin ma'aikata su shida ne a ɗaki, kowa gadonsa ne gidansa, ba inda akwati zai ɓuya. Sai ya tura shi can ƙuryar wata tsohuwar kwantena da ke bayan sito, ya yi abin da ake yi a Kano: ya zuba kafur saboda gara, ya naɗe da leda saboda damina. Shekara tara bai buɗe ba. Bizarsa da kwanansa da hutun Juma'arsa duk a hannun Alhaji suke.

Sai ga Hajiya Zaituna, babbar yayar su Alhaji, za ta aurar da 'yarta Najiba a unguwar Abu Hail. Ta zo sito da kanta.

“Kai, mijin ƙanwata, ka tsufa! Ina faya-fayan nan? Wasila ta tsegunta mini suna nan.”

“Yaya Hajiya, rufa mini asiri.”

“Asirin me? Ba kai ka yi mini nawa bikin ba, har takalmina ya tsinke? Kai za ka yi mana kamu. Mata zalla, a sa maka labule.”

Alhaji ya fara gyaran murya. Ta juya.

“Kai kuma Mubashir, ni na goya ka. Khalas, magana ta ƙare.”

Ranar Salmanu bai iya cin abinci ba. Bayan la'asar ya zagaya, ya yi bismillah, ya ja ƙofar kwantenar. Zafin da ya bugo shi kamar an buɗe tanda. Ya jawo akwatin, ya warware ledar. Gara ba ta taɓa komai ba, ruwa bai shiga ba. Ya ɗago faifai na farko, sai ya ga ya lanƙwashe kamar gurasa. Na biyu ma haka. Wasu sun manne da juna. Allin da ya sa yana nan fari tas a jikinsu.

Guda ɗaya tak ya samu a miƙe, wanda ke can tsakiya. Aikinsa kuwa ba ya yiwuwa da ɗaya.

Kwana goma yana fama. Ya sa wasu tsakanin gilasai biyu ya danne da kwalin tayil. Suka ɗan miƙe, amma da ya ɗora allura sai muryar ta riƙa hawa da sauka kamar mai kuka. Ya ƙara kwabo, bai hana ba.

Ran kamu ya je da wankakkiyar shaddarsa, hannu wofi. Ya faɗa wa Hajiya a bakin ƙofa. Ta ce innalillahi, sai hayaniyar baƙi ta ja hankalinta. Ta miƙa masa wayar Najiba.

“Yalla, maza karɓi, ga waƙoƙi nan an jera. Ka dai zauna kusa da sifika.”

Ya zauna a bayan labule, wayar na kan cinyarsa. Yana jin ƙarar awarwaro da guɗa. Waƙa ta ƙare, shiru ya faɗo, kamar numfashi biyu, sannan wata waƙar ta tashi. Ba wadda ta kula. Shi kaɗai yake jin kowane shiru, yatsunsa suna shafa gefen kujera.

Washegari ƙarfe bakwai yana bakin kwantena. Alhaji ya wuce, ya ce, “Jiya an gode.” Salmanu ya ce ba komai, ya nuna wa leburori inda kwali na gaba zai shiga.