Ranar da Na Miƙe wa Ɗiyata Furotin

Na lalata wa ɗiyata aikin wata guda tsakanin Azahar da La'asar.

Digiri na biyu take yi a jami'a. Ni ban taɓa zama aji ba. Igiya nake tuƙawa, tun muna ƙauye wajen Runka har ranar da muka gudo Batsari da kayan jikinmu. Karatunta a kan furotin yake, wani abu da ta ce yana cikin nama da wake da jikin mutum. Wai kamar zare yake mai 'ya'ya iri ashirin, amino asid sunansu, kuma ba ya aiki sai ya naɗe. Ita ƙirgawa take yi a kwamfuta: cikin furotin masu yawa, wane iri ya fi zama kusa da wane.

Na ce, "Ƙidayar maƙwabta ke nan."

Ta ce, "Ita ce, Baba."

Saura kwana huɗu ta tsaya gaban malamanta ta kare aikin, sai ta zo gida neman addu'a. Ta taho da wata doguwar wayar ƙarfe da ta jera wa duwatsun ado kala-kala, ta lanƙwasa ta dunƙule, don malaman su gani da ido. Ta ajiye a kan tabarma, ta hau babur ta tafi Safana gaida gwaggonta.

Na gani na ce wannan carbi ya sha wuya a mota. Mai igiya ba ya ganin abu a cukurkuɗe ya wuce. Na warware shi tsaf, na miƙe shi samɓal, na rataye a ƙusa.

Ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ne. Ba sai kin gode ba."

Uwarta ta yi dariya har ta zauna ƙasa. Ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba.

"Baba, ka kashe shi! Ai naɗin shi ne aikin."

"To, uwata," haka nake kiranta don sunan mahaifiyata gare ta, "ki daina kallona kamar na ci amana. Faɗa mini wa ke kusa da wa."

Ta buɗe kwamfuta tana karantowa, na bakwai ya taɓa na talatin da ɗaya, ni ina lanƙwasawa da filaya. Can na lura duwatsu rawaya duk tsakiya suke shigewa. Ta ce waɗannan ba sa son ruwa, ciki suke ɓuya. Ja da shuɗi kuwa kullum suna neman juna.

Na ce, "Wannan ai ko ba ƙidaya an gani."

"A'a, Baba. Wanda ya cika yawa ko'ina za ka gan shi kusa da kowa. Sai ka cire yawansa kafin ka ce shiri suke yi."

Na gane. Ranar kasuwa kowa maƙwabcin kowa ne.

Kwana biyu muka yi. Sau uku tana sa ni in warware. Na huɗun ta juya shi ta ko'ina, ta jijjiga, bai motsa ba. Nata na farko da an taɓa yake buɗewa, ita da bakinta ta faɗa.

Ta kira ni bayan ta fito daga gaban malaman. Ta ci. Wani malami ma ya roƙi abin don ya riƙa koyarwa da shi, ta ba shi ba ta tambaye ni ba.

Yanzu ina Batsari, ina da rumfa a bakin kasuwa. Gonata tana can, ban koma ba tukuna.