Taɓaryar da na saya a Ard al-Liwa

Da muka tare a unguwar Ard al-Liwa, can ƙasar waje, ba abin da na yi kewa kamar turmi. Maigidana yana can yana fama da littattafansa, ni kuma an bar ni da injin markaɗe mai kashe wa yaji ƙamshi. Ran nan mai keken tsofaffin kaya ya ratsa layinmu, na hango wani ƙarfe a cikin tarkacensa, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, ga nauyi, kansa a mulmule. Na saye shi ina murna na yi tsintuwa. Wata da watanni da shi nake daka citta da daddawa.

Wata Juma'a maƙwabcinmu ya zo cin tuwo. Dattijo ne Bahaushen Sudan, muna ce masa Kawu, kuku ne a jirgin da ke kai Turawa nutso a Bahar Maliya. Yana ci yana ba mu labarin jiragen kaya na yaƙin duniya, waɗanda aka riƙa ƙerawa kamar ana suyar waina. Wasu sun nutse da makamansu, suna nan a ƙasan ruwa, gishiri na cinsu. Masu dogon hannu kan tsamo harsasan su sayar a matsayin tagulla.

"Wasu har yau da ransu," in ji shi, ya gwada tsawonsu da hannu. "Tsufa ƙara musu saurin fushi yake yi."

Na ce, "Kawu, kansu a mulmule yake?"

Kafin ya amsa sai ga 'yata, 'yar shekara huɗu, ta fito daga ɗaki tana tsalle. Ta goya taɓaryata da ɗankwalina, tana jijjiga ta.

Kawu ya ajiye lomarsa, ya dube ni. "Kada kowa ya yi ihu. 'Yata, je ki karɓa a hankali, maza."

Na durƙusa a bayanta, na kama ƙullin ɗankwalin. Ina salati a zuci, na ce, "Kawo in riƙe miki, ta yi barci."

Da jami'an tsaro suka zo, sai da suka fitar da mutanen benenmu kaf kafin su taɓa ƙarfen. Muna tsaye a titi, 'yata ta ja mini mayafi.

"Umma, ki ce musu su tallafe mata kai. Ɗazu sau biyu ta faɗo mini."