Tabon da ke ƙarƙashin mayafin Inna

Shekarun baya, ba masu yawa ba, aka ce za a yi wa mahaifiyata aiki a ciki. Muka ɗauko ta daga Shetimari zuwa Diffa ana tsakiyar shanyar tattasai, tana ta mita an raba ta da gonarta.

Ana gobe aiki, likitan da ke sa mutum barci ya shigo da waya a hannu, ya ce zai ɗauki hotonta ta gaba da ta gefe.

Inna ta ce, "Ɗana, ni fa ba rajistar rabon abinci na zo ba."

Ya yi dariya. "Inna, in kin yi barci sai mun zura miki tiyo ta maƙogwaro, da shi za ki numfasa. Wani mutum tiyon na wucewa salin-alin, wani sai an sha fama. A wayar nan akwai basirar na'ura da aka horar da hotunan mutane da yawa, ita za ta yi hasashen wane iri ne naki."

"Kamar tiyon ban-ruwa kenan," in ji Inna. "In ya lanƙwashe, shuka ta mutu."

To, Inna na da tabon ƙuna daga haɓa har ƙirji, kunu ne ya zubo mata tana ƙarama. Fatar ta ɗaure, ba ta iya ɗaga kai sosai. Ko ni da ta haifa, ganin da na yi masa bai fi a ƙirga ba. Da na ji hoto, sai na tashi da azama na gyara mata mayafi, na ja shi har haɓa, har da cewa, "Inna, ɗan saki fuska." Kai ka ce katin biki za a buga.

Wayar ta nuna kore. Likita ya ce da alama ba matsala, ya juya zai tafi.

Ni kuwa tun ina makaranta tambaya ce aibina. Na ce, "Likita, don Allah, ita wannan abar me take dubawa?"

Ya ce faɗin buɗewar baki, tazarar haɓa da maƙogwaro, da yadda kai ke iya komawa baya.

Kusan duk abin da ya lissafa, da hannuna na rufe shi. Na dubi Inna, ta harare ni, hararar da na sani tun ina yarinya. Na yi salati a zuci, na ce, "Likita, akwai abin da muka ɓoye."

Bai yi faɗa ba. Ya kira ma'aikaciya mace, ya fita, ita ta sake ɗaukar hoton ba mayafi. Wannan karon ja ya fito. Ya dawo ya nemi izinin Inna, ya auna da yatsunsa, ya ce gaskiyar wayar ce. Ya ce da safe ma zai gani, amma gara yanzu, don ya tanadi tiyo mai 'yar kyamara, ya kuma kira abokin aikinsa ya tsaya masa.

Ranar nan, Inna ko ruwa ba ta karɓa daga hannuna ba.

Aiki ya yi kyau, alhamdulillahi. Likita ya ce sun sha fama, amma a shirye suke. Da ta farfaɗo, muryarta a dishe, ta lalubo hannuna ta ce, "Uwar tambaya. Hoton farkon nan, wanda na yi kyau, ki ce ya ba mu."

Har yau ina mamakin yadda waya ke leƙa maƙogwaron mutum daga hoto. Amma na gane abin da aka nuna mata kaɗai take gani, ni kuma saura kaɗan tausayi ya sa na cuci uwata. Yanzu in za mu ga likita, Inna da kanta ke sassauta mayafi tun daga bakin ƙofa, ta ce, "Bari in riga ki, kafin ki tona ni."