Butar Goggo Marta

Duk wanda ya san Goggo Marta a unguwar New Bell ta Duwala ya san butarta. Shuɗiya ce ta roba, hannunta ya taɓa karyewa aka ɗaure da waya, bakinta kuma ya ɗan narke tun ranar da ta kwana kusa da murhu. Ku da kuka zauna da ita, ku faɗi gaskiya, wa ya taɓa ganin Goggo ba buta? Kasuwa da buta, coci da buta, har hoton aurena sai da butar nan ta shiga. Na ce, "Haba Goggo, yau ɗaya dai ki ajiye ta." Ta dube ni ta ce, "Ke ki ajiye mijin naki mana, yau ɗaya."

Ƙanwar babana ce, ita ta riƙe ni bayan rasuwarsa. Makala, wato fanke, da wake da kunu take sayarwa a bakin hanya, kuma yawancin masu cin abincinta 'yan dakon kasuwar Mboppi ne. Mu Kiristoci ne a tsakiyar unguwar Hausawa, don haka butar ta zama abin tsokana. Maƙwabcinmu Alhaji Sale mai shagon atamfa ba ya wucewa bai taɓa ta ba.

"Marta, buta dai kin samu, saura sallaya. Yaushe za ki ƙarasa?"

"Ranar da ka shigo ƙungiyar mawaƙan cocinmu, Alhaji. Wannan muryar da kake yi wa 'yan bensikin masu babur faɗa da ita, asararta ake yi."

Aikin butar ba ɓoyayye ba ne. Ɗan dako ya zo da hannu duk taɓo, ta zuba masa ya wanke ya ci. Azahar ta yi, ya miƙo hannu, ta cika masa ya yi alwala, har ta janye benci ya samu wurin tsayuwa. Wata rana matan coci suka tare ta da wannan magana. Suka ce, "Goggo, ke da butarki ake alwala? Su fa ba namu ba ne." Ta ce, "Yesu bai tambayi wannan ba." Shi ke nan, ta ci gaba da juya makala. Wannan magana ita ce sandarta, da ita take korar kowa. Har ta kai in na ce, "Goggo, kin sa gishiri a waken nan kuwa?" sai ta ce, "Yesu bai tambayi wannan ba." Kai, Goggo!

Ga rowa kuma, amma wa kanta take yi wa. Anko ko na bikin coci ne ba ta saya. Zane ɗaya take ɗaurawa ran Lahadi, tun yana ja har ya koma kalar da ba ta da suna. In an yi mata magana ta ce, "Ku bar shi, zanen nan ya san hanyar coci da kansa." To, wannan zanen ne ya jawo mata Madam Kristin.

Kun san Madam Kristin, shugabar kwamitin taimakon talakawa ta cocinmu, matar Dokta. 'Yar Garwa ce, Hausa a bakinta, amma tun da suka tare a Kotto, unguwar masu kuɗi, Hausar ta fara yi mata nauyi. A cikin azuminmu na wata shekara ta sauko unguwarmu da buhun shinkafa da mai hoto, tana neman talakan da za a taimaka wa. Idonta ya faɗa kan zanen Goggo, ta ce an samu.

"Mama Marthe, tiens, riƙe buhun ta nan. A'a, kada ki yi dariya. Ki ɗan sunkuyar da kai, comme ça."

"Au, ni ce talakar?"

"Mais oui, Mama, kada ki ji kunya."

 Goggo ta naɗe gammo, ta ce a ɗora mata buhun, ta ɗauki buta, ta ce, "Ku biyo ni in nuna muku mai kayan." Jama'a, an yi ruwa da safe! Goggo ta kutsa lungunan Kassalafam, nan a tsallake kwata, nan a bi ta kan katako, Madam na biye da takalmi mai tsini tana kiran sunayen waliyyai ɗaya bayan ɗaya. Ni ina baya ina riƙe mata jaka, dariya na neman kashe ni.

Dariyar ta tsaya a ƙofar wani ɗakin katako. A ciki Dogo yake kwance. Ɗan dako ne a Mboppi, dilar atamfa ta faɗo masa a ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa har ya zama gyambo. Ba ya iya taka ƙasa, balle ɗaukar kaya, kuma ba shi da kowa a Duwala. Ashe kullum in Goggo ta tashi daga sana'a nan take zuwa, ta kawo masa abinci, ta wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri daga butar nan. Warin ɗakin ya isa ya mayar da mutum gida.

Madam ta tsaya daga waje, hankici a hanci. Mai hoto ya leƙa ya ce babu haske. Madam ta ce, "Mais Mama, shi wannan ɗan cocinmu ne?" Kun san amsar da ta samu. Goggo ta ƙara da cewa, "Shinkafar kuma ɗanya zai tauna? Bari, zan dafa masa. Abin da yake nema yana gidanki, Madam. Mijinki likita ne."

Saƙo ya dawo daga Dokta: a kawo shi lundi, wato Litinin. Litinin ta zo, Goggo ta je ta sanar za a kawo shi, aka ce Dokta yana taro. Wata Litinin, ya yi tafiya. Wata kuma, ya shigo ya fita yanzun nan. Duk Lahadi in sun haɗu a ƙofar coci sai ya ɗaga mata hannu yana murmushi, "Lundi, Mama, lundi!" Ƙafar kuwa ta fara baƙi daga yatsu. A lokacin ne na fara ganin tsoro a fuskar Goggo. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Lami, ƙafar nan za ta tafi. Ɗan dako ba ƙafa, ai an binne shi da ransa." Gaskiya raina ya ɓaci ranar, na ce mu je mu zagi Dokta a gaban mutane. Ta ce, "Zagi ba ya warkar da gyambo. Jira Alhamis."

Alhamis Mai Tsarki take nufi, ranar da Fada yake durƙusawa ya wanke ƙafafun mutum goma sha biyu, don tuna yadda Ubangiji ya wanke na almajiransa. A cocinmu kuwa kun san su wa ake zaɓa. Manyan mutane! Tun ana gobe matansu ke kai su shago a kankare musu kaushi, a gyara farce, a saya sabuwar safa, a fesa turare. Kafin su iso gaban Fada ƙafafun sun fi fuskokinmu tsabta. Shi kuma ya ɗiga ruwa kaɗan, ya shafa farin tawul, a wuce. A shekarar nan har da Dokta a ciki, Madam ta ɗauko mai hotonta.

Da la'asar Goggo ta tsaya a ƙofar shagon Alhaji Sale.

"Alhaji, aron amalankenka nake so."

"Makala za ki kai coci?"

"Mutum zan kai."

Da ya ji ko wane ne, bai bari wani ya tura ba. Ya naɗe hannun babbar riga, muka ɗora Dogo, ya dinga turawa yana yi wa 'yan bensikin ihu su ba da hanya. A ƙofar coci ya tsaya yana haki, ya ce, "Ni nan ne iyakata, Marta. Ku shiga, Allah ya ba da sa'a."

Ikon Allah, kujera ɗaya cikin sha biyun ba kowa, mai ita yana can yana neman inda zai ajiye motarsa. Kuma kusa da Dokta take! Ni da Goggo muka tallabo Dogo ta tsakiyar coci, yana ɗingishi, tsumma a ƙafa, muka zaunar da shi. Katikis, mai taimaka wa Fada, ya rugo yana raɗa, gumi na zubo masa.

"Mama, me kike yi haka? An yi masa baftisma? Ɗan wace ƙungiya ne?"

Goggo ba ta iya raɗa ba, kun sani. Har na bayan coci sun ji: "Yesu bai tambayi wannan ba!"

Kafin a san abin yi Fada ya riga ya fara. Tsoho ne, gwiwarsa na ƙara duk sanda ya durƙusa. Ya ɗiga wa na farko, ya ɗiga wa na biyu, ya ɗiga wa Dokta, ya iso gaban Dogo. Nan ya tsaya. Cocin ya yi tsit, ni kuwa na tabbata za a fitar da mu. Fada ya dubi tsumman, ya dubi ɗan ruwan da ya rage a hannunsa, wanda ko kaza ba zai ƙosar ba. Sai ga Goggo ta miƙo buta.

Ya karɓa. Da hannunsa ya kwance tsumman, wari ya tashi ya kori duk turaren layin. Dogo na kuka yana cewa, "Mon Père, bari, zai ɓata maka riga." Fada bai saurare shi ba. Ya wanke ƙafar nan wanki na gaske, a hankali, har butar ta ƙare, farin tawul ya tashi daga aiki. Yana durƙushe ya ɗago kai ya ce, "Docteur, dubi nan."

Ina Dokta zai kai idonsa? Ƙafarsa ɗaya ba takalmi, jama'a na kallo, mai hoton matarsa kuma yau ya samu haske. Ya sunkuya ya duba. In faɗi gaskiya, da ya ga ciwon da kyau fuskarsa ta canza, likitan da ke cikinsa ya farka. Ya ce, "Wannan ba ya jira. Yau za a kai shi asibiti."

Goggo ta dafa ƙirji ta ce, "A'a Dokta, yau Alhamis ce fa. Ba sai lundi ba?"

Coci ya fashe! Har Fada sai da ya rufe baki da hannun riga. A motar Dokta aka tafi da Dogo, Madam na gaba ta sauke gilashi har ƙasa, kanta a waje kamar mai neman adireshi. An cire masa yatsu biyu, amma ƙafar ta tsira. Kafin damina ta fita ya koma Mboppi yana ɗaukar kaya. Ya kawo wa Goggo sabuwar buta ja don godiya, ta juya ta, ta ce, "Mai kyau ce," ta ba Alhaji Sale.

Bara Goggo ta rasu, tsakiyar damina. Ni na yi mata wanka da butarta. Da na zo kan ƙafafunta na kasa ci gaba, duk faso ne da kaushi, ƙafafun da suka gama lungunan Kassalafam saboda wasu, ba wanda ya taɓa durƙusawa ya wanke su. Na yi kuka sosai a wurin.

Ranar jana'iza ruwa ya cika layinmu, mota ta kasa shigowa, dole a ɗauki akwatin a kafaɗa zuwa titi. Kafin 'yan kwat su gama shawarar yadda za su yi da takalmansu, Dogo ya shiga gaba ya sa kafaɗa, ƙafafunsa biyu cikin taɓo, yana takawa daram. Wani ɗan uwanmu da ya zo daga nesa ya matso kusa da ni ya ce, "Lami, wancan dogon wane ne a dangi? Namu ne?"

Ban kai ga buɗe baki ba, Alhaji Sale da ke gefe da lema ya ce, "Annabi Isa bai tambayi wannan ba." Ya juya baya yana share ido da hannun riga.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Marta nan ta iso ƙofarka da taɓon New Bell a ƙafa. Kada a tsayar da ita da tambayoyi. Ka zaunar da ita, ka wanke mata ƙafafun da kanka, ta huta. Amin.